Littafin Wasanka da Mai-jakin A'i

Zuwa ga Mai-sunan Malam, a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sami ɗaki mai iska da abokan zama masu tsoron Allah. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin abin da ido ba ya gani. Tun da motarku ta bar Anka ban zauna daidai ba, sai da direban ya dawo ya ce da idonsa ya ga shigarka ƙofar makaranta. Alhamdu lillahi.

Ka san ban iya zama in dube ka in yi doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan surukina gare ka, to ta ina zan fara? Ranar da za ka tafi, a madafa na tsaya ina juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi har ka fita. Abin da bakina ya kasa ne na ba alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau hannuna rawa yake yi a kan layi.

Maganar littafin nan ce da ka sa aka buga maka daga cikin waya, na Turanci, mai koya wa mutum yadda ake tsara wasan labari. Ka ce akwai ire-irensa da yawa kuma za ka neme su a Sakkwato. Ka jefo mini tambaya kana dariya, wai a ganina sun cancanci wahalar nema? Yanzu zan ba ka amsa, amma sai na fara gaya maka abin da ya hana ni sukuni. Ƙanwarka A'i ta koma shiru. Tun ranar da Mai-jaki ta mutu a cikin wasanku, maganarta ba ta wuce "to" da "a'a". Tana cin abinci, tana salla, tana share tsakar gida, amma bakin nan da ka buɗe ya sake rufewa, kuma tsorona kada ya rufe ke nan.

Bari in fara da kuskurena na farko game da wasan, don kada ka ce Inna ta mai da kanta mai gaskiya. Lokacin da ka fara tara Sa'adu da Lawali, 'ya'yan baffanka, a gindin dogonyaro bayan la'asar, kana ba su labari kowa da mutumin da yake riƙe, wannan maharbi, wancan bafatake, kuna jefa ƙwallon dabino a faifai don a ga ko abin da mutum ya nufa ya yiwu, zuciyata ta tsinke. Na ce shi ke nan, caca ta shigo gidan malamai. Ban tambaye ka ba, ban tsaya na saurara ba, sai na kai ƙara wurin babanku. Ya ajiye allon da yake dubawa, ya zo ya tsaya bayan bishiya da tasbaha a hannu, fuska a murtuke. Ina leƙe daga ɗaki ina jiran tsawa. Kuna cikin daji a labarin, kura ta tare ku. Lawali yana cewa, "Kai Sa'adu, maharbin banza, kibiya ukku ba ko zomo!" Sa'adu ya ce, "To kai bafatake, jehe ta da goro mana, ko ta saya." Aka kira magariba kuka tashi. Da babanku ya dawo daga masallaci bai yi maganar caca ba. Cewa ya yi, "To, kurar ga, mi ta yi musu daga baya?" Ya ce mini ba a sa kuɗi ba, ba a duba gaibi ba, tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa, in dai ba ta ci lokacin salla ba in bar ku.

Na ji kunya ranar. Ka ɗauki wannan daga gare ni: kada ka yanke wa abu hukunci daga bakin ƙofa. Shi ya sa ma ban yanke wa littafinka hukunci ba sai da na saurari abin da kake fassara wa su Sa'adu daga cikinsa, ina tsince shinkafa kamar ba na ji.

Kai ma ka san yadda A'i ta shiga wasan. Tun da gubar dalma ta taɓa ta tana ƙarama a Bagega, magana takan yi mata nisa. Tana da ita a ciki, amma kafin ta iso baki mutane sun wuce. A makaranta an gaji da jiranta. A gidan biki mata sukan amsa mata tambayar da aka yi mata. Ni kaina, Allah ya yafe mini, sau nawa nake ƙarasa mata zance don sauri. Kai ne ka ga tana raɓe a jikin rumbu tana kallonku, ka ciro jan maɓalli daga tsohuwar rigarka ka aza a faifai ka ce, "Wagga ita ce Mai-jaki, mai kai gishiri kasuwa. A'i, ke ce ita." In layi ya zo kanta sai ka ce, "Mai-jaki, mi za ki yi?" Sai ka yi shiru. Lawali ya yi ta mutsu-mutsu, kaji su ratsa tabarma, kai kana zaune. Ran nan ta ce, "Jakina ya gaji. A ba shi ruwa." Ina riƙe da muciya na ji ta. Na shiga ɗaki na yi kuka, don rabona da jin ta haɗa magana biyu a jere na manta. Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Har ta kai tana yi wa Lawali ciniki, ta hana shi gishiri sai ya ɗaukar mata kaya. Babu littafin da ya koya maka wannan jiran.

Sai littafi ya zo. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Daga cikinsa ka koyi zana taswira a kwali, da gulbi da duwatsu da garuruwa, har yaran maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Daga cikinsa ka koyi sa wa kowane mutum na labari abin da yake so da abin da yake tsoro, labarinka ya yi nauyi, ni ma da nake nesa na ji bambanci. Ka bar ƙwallon dabino ka koma ɗan ludo mai ɗigo-ɗigo, ka ce ya fi adalci, kuma rigimar Sa'adu da Lawali ta ragu. Duk wannan na gani.

Amma akwai shawara biyu da na ji ka karanta musu da ƙarfi, kana buga shafin da yatsa. Ta farko, wai kada mai labari ya bar wasa ya yi sanyi, in mutum ya daɗe bai ce komai ba a wuce shi. Ta biyu, wai in babu tsoron mutuwa wasa ba shi da gishiri, dole masu wasa su san mutanensu na iya mutuwa, kuma in sun mutu sun mutu.

Ina nan ranar da abin ya faru, ina wanke-wanke. A labarin kun iso gulbi ya kawo, kwalekwale ya kife da ku. Sa'adu ya ce ya kama reshe, Lawali ya ce ya yi iyo. Ka juyo ka ce, "Mai-jaki, mi za ki yi?" Na ga bakinta yana motsi. Na ga hannunta ya damƙe zane. Kai ma ka gani, don kana fuskantarta. Ka dubi littafin da ke kan cinyarka, ka ce, "Ruwa ba ya jira." Ka jefa ɗan ludo, ya ba da ɗigo ɗaya. Ka ce ruwa ya tafi da ita da jakinta. Lawali ma da ba ya rufe baki, sai da ya ce, "Haba, yaya, ka bari ta hwaɗi mana." Ka ce doka doka ce. Kuka ci gaba.

Abin da ba ka ji ba shi ne wannan. Bayan kun naɗe tabarma kun tafi masallaci, tana nan zaune inda kuka bar ta. Na zo zan ɗauki faifai, sai na ji ta ce a hankali, "Ina da igiya." Igiyar ɗaure gishiri take nufi. Tana da dabarar da za ta fitar da kanta, wataƙila har da ku. Maganar tana kan hanya ne kawai.

Na so in yi maka magana a lokacin, kunya ta hana. Abin da na iya shi ne na ce wa iska, "Wasu dai ba su da haƙuri." Ka gane da kai nake. Ka ce, "Inna, in mai labari ya riƙa ta da matattu, wasa ya lalace. Haka masana sunka ce. Ta ɗauki wani mutum." Ka kawo mata koren maɓalli. Ba ta karɓa ba. Daga nan shirin tafiyarka ya taso, wasan ya tsaya, ka tafi kana ganin fushin yara ne zai wuce.

Ban ce mai littafin nan maƙaryaci ne ba. Ina jin mutum ne mai hankali, ya daɗe yana wasansa da abokansa, ya rubuta abin da ya gani. Amma ina zaton a inda yake zaune mutuwa nesa take, sai an nemo ta an barbaɗa a wasa kamar yaji kafin a ji ɗanɗano. Mu nan fa? A'i ta ga an fita da ƙaninta Bello a tabarma. Sa'adu ya san abin da ya sami kawunsa a hanyar gona. Babu gidan da za ka shiga daga nan har Bukkuyum ka ce sai ka koya musu tsoron mutuwa. Yaran nan ba gishirin mutuwa suka zo nema gindin dogonyaro ba. Sun zo ne wurin da in kura ta tare mutum akwai dabara, in gulbi ya kawo akwai igiya. Mai littafi bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, bai taɓa zama a tabarmarmu ba. Kai ka zauna.

Kada ka ɗauka ina ɗora maka abin da ni ban yi ba. Irin wannan kuskuren na riga ka. Shekarar da na fara iya haɗa baƙi, aka raba mana wani ɗan littafi na kiwon kaji a aji. Daɗin da na ji ba a magana. Ni ce, Rabi 'yar Adabka, nake karanta abu da kaina, babu wanda ya karanta mini. Littafin ya ce a killace 'yan tsaki a ɗaki, a toshe kafar iska, a kunna musu fitila don ɗumi. Na yi yadda ya ce. Lokacin bazara ne, zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ina shiga ina ganinsu baki buɗe suna haki, fukafukai a saki. Idona ya gaya mini zafi ne. Sai in koma in buɗe shafin, in ga an rubuta ɗumi, in ce ai wanda ya rubuta ya fi ni sani. Tun ina yarinya nake kiwon kaji a gidanmu, amma na ƙaryata idona don takarda. Da ɗai-ɗai suka mutu, na kwashe su na zubar a bola. Daga baya malamarmu ta ce ai wannan shafin na lokacin sanyi ne, an faɗa a gaba, ni ce ban kai wurin ba.

Abin da na koya shi ne, sabon mai karatu ya fi kowa tsoron takarda. Gani yake duk abin da aka buga da inji ya fi abin da ke gabansa gaskiya. Kai ka daɗe da iya karatu, amma a wannan fannin na wasa sabo ne kai, kuma na ga irin riƙon da kake yi wa littafin, irin riƙon da na yi wa nawa ne. In shafi ya ce abu, fuskar mutumin da ke gabanka ta ce wani, ka tsaya. Shafi ba ya jin ciwo in an saɓa masa.

To amma kada ka ce Inna ta ce a jefar da littafi. Wallahi ban ce ba, kuma ba zan taɓa cewa ba, don na san abin da rashin karanta takarda ya jawo mini. Ka san labarin, amma ba daga bakina ba. A Bagega, lokacin da maza ke kawo dutsen zinariya cikin gida, mu mata ke dakawa. A turmin da nake daka gero nake daka shi, in ɗauraye in zuba hatsi. Ƙurar tana tashi, Bello yana rarrafe a ƙasa, A'i tana wasa kusa da shi. Da yara suka fara shiɗewa, ma'aikatan lafiya suka zo suka yi bayani a dandali. Mu muna cikin gida. Abin da ya iso hannuna takarda ce mai rubutu da ɗan zane. Na juya ta, na ga ba ta ce mini komai ba, na ƙunshe daddawa da ita. Na ci gaba da daka. Ban san tsawon lokacin da na ƙara ba, kuma ban san ko da na daina ranar Bello zai tsaya ba. Wannan sanin na Allah ne. Amma an rubuta a fitar da dakan daga gida, an rubuta a raba turmi, takardar ta kwana a ɗakina, ni kuma makauniya ce a gabanta. Shi ya sa da muka dawo Anka na roƙi babanku ya bar ni in shiga aji, ina zama da sa'o'in 'ya'yana ana dariyar yadda nake riƙe fensir.

Ka ga ke nan ta gefe biyu na ƙone. Na ƙi takarda na yi asara, na bi takarda ido rufe na yi asara. Saboda haka ga amsar tambayarka, gwargwadon hankalina. Littattafan nan sun cancanci nema. Ka neme su, ka karanta, ka kai ƙarshensu, kada ka tsaya a shafin da ya burge ka. Amma ka saurare su yadda ake sauraren baƙon da ya san hanyoyin duniya da yawa, bai kuwa san gadar da ruwa ya cinye jiya a garinku ba. Ka karɓi taswirarsa, ka tambayi mutanen gari. A Sakkwato za ka sami sababbin abokan wasa, 'yan makaranta masu saurin baki, wataƙila su dokar mutuwar ta yi musu daidai. Duk da haka kafin ka kashe wa mutum nasa, ka san wa ya rasa a gida. Ba kowa ke faɗa ba. Kuma a kowace tabarma akwai mai jinkirin magana. Ka neme shi da ido.

Ina tsoron wani abu kuma, bari in faɗa tunda na fara. Ina tsoron ka je can ka ƙware, ka iya dokoki, ka dawo hutu ka ga wasan gidanmu ya yi maka ƙauyanci. Na ga yadda karatu ke yi wa wasu, ya ba su kaifi ya ɗauke musu haƙuri. Abin da ya sa wasanka ya fi na kowa ba taswira ba ce. Allah ya ba ka zama da shiru ba tare da ka ƙosa ba, abin da ni uwarta ban iya ba. In littafi ya ƙara maka abu goma ya ɗauke wannan, an cuce ka.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa jira har ka zo hutu. Shekaranjiya da hantsi na ga A'i a bayan ɗaki tana tono da tsinke. Na laɓe. Ta naɗe jan maɓallin a ƙyallen farin yadi, ta sa a ramin, ta daidaita shi ya fuskanci gabas yadda ta ji ana yi, ta mai da ƙasa, ta jera 'yan tsakuwa a kai. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta wanke hannu ta koma shara.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, na ɗauko faifai, na kira ta. Na ce, "A'i, zo ki ji. Ashe Mai-jaki ba ta mutu ba. Wani masunci ya tsamo ta a ƙasan gulbi, ita da jakin duka." Na yi iya ƙoƙarina, har muryar jakin na kwaikwaya, ni da girmana. Ta dube ni, ta daɗe, na kuwa jira ta, ban ƙarasa mata ba. Sai ta ce, "Inna, ba ke ce mai labari ba." Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun tafiyarka.

Gaskiya ta faɗa. Kai ka ce ruwa ya tafi da ita, kai kaɗai za ta yarda in ka ce ga inda ruwan ya ajiye ta. Ni ban san dokokinku ba. Ka duba littafinka, mai yiwuwa a gaba akwai shafin da ya faɗi yadda mai labari ke gyara abin da ya yi cikin gaggawa, kai ne ba ka kai wurin ba. In akwai, to madalla da shi. In babu, ka rufe shi ka yi da kanka.

Ban ce ka taso ba. Kada ka kuskura ka hau hanyar nan don wannan, ka san yadda tsakanin Gummi da nan yake, in ka taso ni ce zan rasa barci da abinci. Waya za ka kira, ta babanku, ranar Juma'a bayan la'asar in Allah ya sa akwai sabis. Na riga na gaya masa, ya ce zai bar ta a gida. Zan aika a kira Sa'adu da Lawali, zan shimfiɗa tabarma, in aza wayar a faifai. Ban sani ba ko za ta zo ta zauna. Ban sani ba ko za ta amsa. Amma ka mai da su bakin gulbin nan, ka ce, "Mai-jaki, mi za ki yi?" Daga nan ka yi shiru. Za ka ji kamar layin ya yanke, bai yanke ba. Ko katinka zai ƙare, ka jira.

Allah ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya haɗa maka shi da tausayi. Ya raba ka da mugun aboki da mugun ji da mugun gani, ya dawo da kai ka same mu da rai da lafiya. Kada ka yi wasa da salla, kada ka yi tafiyar yamma. Babanku yana sa maka albarka. A'i ban ce tana gaishe ka ba, don ba ta ce ba.

Wassalam.

Innarku,
daga Anka.